Kart ɗin da Maijirgi ke Jira

"Ban ce ka yi ƙarya ba," in ji Habsatu. "Shiru na ce ka yi. Kai da ba ka da sana'ar da ta wuce shi."

"Shirun da zan yi gaban mahaifinki ai ƙarya ce ta sa hula."

"Yau kuma liman ka koma?"

Tana tsaye a bakin shagona, ta ƙi shigowa. Hijabi ruwan ƙasa har gwiwa, atamfa mai zanen ganye wadda wanki ya cinye mata kala, lallen yatsunta ya fara koɗewa. A hannunta leda ce da sabulu da kanwa. Ranar kasuwar Tasawa ce, ita kaɗai ce ranar da take samun dalilin barin Maijirgi.

"Isufu, dube ni nan. Tun da ka fara zuwa gidanmu Baba bai taɓa kiran sunanka ba. Wancan mai danne-dannen, haka yake cewa. Shekaranjiya ya ce ɗana Isufu. Da kunnena na ji. Har ya tambaye ni ko fura mai kauri kake so."

"Don ya ɗauka hatsi zan kawo."

"Ya ɗauka. Kai ka ce mashi?"

"To ke kika ce?"

"Ni ban ce komi ba. Wayata ta ce."

Masu karatu, bari in dakata nan in warware maku, don na san akwai waɗanda yau suka faɗo cikin labarin nan. Ba zan ja ba. Ba na son dogon zance.

Sunana Isufu. Na zauna jarabawar bak ta gama sakandare, sunana bai fito ba, na sake zama, ya sake ƙin fitowa, sai muka rabu ba faɗa. Ina da shago a bayan tasha, faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Ina zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a waya, wani lokaci duka biyun a waya ɗaya. Ina cajin wayoyi da pano mai zuƙar hasken rana da ke kan rufi, tunda wutar kuran ta koma baƙuwa a garin nan, in ta zo ma ba ta zama shan ruwa.

Ina da ordinatar tsohuwa, kwamfuta ke nan, da kawuna ya kwaso daga wani biro, wato ofis, da ya rufe. Tsarin da ta zo da shi kullum sai ya roƙe ni lambar da ban saya ba, kuma duk wayar da na jona sai ta bar mashi cuta. Na gaji na goge shi, na sa Linuks. Kyauta ne, kuma a buɗe yake: duk mai so yana iya leƙa cikinsa ya ga yadda aka ɗinka shi, in ya ga ɓaraka ya gyara. A ƙasar da yanzu ba a leƙa cikin komi, wannan kaɗai ya isa in ƙaunace shi.

Burina ƙarami ne. Benci biyu, talabijin a bango, samari su zo su buga ƙwallo da tseren mota. Amma wasa ba ya tafiya sai da kart grafik. Wani allo ne mai fanka, tsawonsa kamar takalmin babban mutum, ana soka shi a cikin ordinatar ya ɗauke mata nauyin hoto. In babu shi, ɗan wasa ya buga ƙwallo da azahar, sai la'asar take isa raga.

Abokina Ƙadri, wanda muka yi aji ɗaya, yana aikin gyara a Tamanrasset. Maigidansa ya kwashe kayan wani gidan wasa da ya mutu, ya ce ya ɗauki kart guda cikin biyu ya yi yadda ya ga dama. Ƙadri ya ce nawa ne, in zaɓa. Ɗaya na kamfanin da tambarinsa kore ne, ɗaya na mai ja.

Nan na maƙale.

Kore ya fi gudu, kowa ya san haka. Amma kowane kart yana buƙatar ɗan shirin da zai sa ordinatar ta gane yarensa, wanda da faransanci ake ce wa pilot. Pilot ɗin wannan koren a rufe yake, sai ka je ka ɗauko daga wurin masu shi, ka lallaɓa ka ɗora, ka yi addu'a kada ranar da Linuks ya sabunta kansa ka wayi gari da baƙin allo. Ja kuwa pilot ɗinsa yana cikin gida, a cikin Linuks ɗin kansa, ka soka kawai ka kunna. Kuma cikinsa ya fi girma, giga goma sha biyu, kore takwas. Amma kore ya fi gudu. Amma ja a buɗe yake. Amma kore.

Tun ruwan shuka nake wannan amma. Duk sanda rezon waya ya leƙo sai in shiga zaurukan intanet in ga abin da masana suka ce. Masanan nan, wallahi rikicin limamai biyu a masallaci ɗaya ya fi nasu sauƙi. Ina cikin karatu damina ta tsaya cak a tsakiyar hanya, hatsi ya yi kai ya bushe a tsaye, ni ban zaɓa ba.

Sai ranar da na yi wa Habsatu vokal, wato saƙon murya. Ga abin da na ce, ban rage ba:

"Kart ɗin yana nan tafe daga waje, Ƙadri ya samo mani. Saura in zaɓa, kore ko ja. Kore ya fi ƙarfi amma sai da pilot na waje. Ja goma sha biyu ne, kore takwas. In ya iso, duk unguwa sai ta amfana. Kada ki faɗa ma kowa tukuna."

Wayar Habsatu ta taɓa faɗawa cikin turmi. Tun daga nan ba ta san raɗa ba, komi da ƙarfi take faɗa. Ta kunna saƙon a tsakar gida tana tsintar wake. Mahaifinta, Malam Namadi, yana bayan zana yana duba rumbu.

Ku da ke nesa sai na ƙara maku wani abu. A bana, in aka ce kart a ƙauyukanmu, abu ɗaya ake nufi. Takardar nan ce mai tauri da masu rabon taimako ke bayarwa, ka nuna a auna maka hatsi. Bara an yi rabo a wani gari, masu kart suka dawo da buhu, marasa kart suka dawo da labari. Masu rabon sun tattara sun tafi daga baya, a mulkin nan na sojoji, amma kullum ana cewa za su dawo, ko wasu za su zo a madadinsu, ko an ga motarsu a hanyar Zinder. To ga mutum yana tsaye gaban rumbun da ake ganin ƙasansa, sai ya ji kart, daga waje, goma sha biyu, kada ki faɗa ma kowa.

Kuma sunan garin Maijirgi. Ka ce pilot a Maijirgi, me kake so su ɗauka?

Mu koma bakin shago.

"Alhamis bayan azahar ya ce ka zo," in ji Habsatu. "Kai da wani babba naku. Ka san abin da wannan ke nufi."

"Na sani."

"To ka zo, ka gaishe shi, ka sunkuyar da kai. In ya tambayi kart ka ce yana hanya. Ƙarya ce? Yana hanya."

"In ya iso fa? In kai mashi allo mai fanka in ce a dafa?"

"Kafin nan an ɗaura. Sai ka ce ya ɓace a hanya. Mi ne ne ba ya ɓacewa a hanya yanzu? Albashin mushe, malamin makaranta, ma ɓacewa yake."

Wani mai amalanke ya wuce yana zagin jakinsa da sunan wani ɗan siyasa da aka daina ambata.

Ta sauke murya. "Ka san Dodo yana zuwa."

Na sani. Dodo ɗan kasuwar hatsi ne, yana da sito a bakin hanya da haƙorin zinare guda, wanda yake murmushi ta gefensa don a gani. Yana sayen hatsi da kaka, ya kulle, ya zauna yana jan carbi har farashi ya nuna.

"Baba ba zai yi mani dole ba, ba halinshi ba ne," ta ce. "Ni ba yarinya ba ce, da kekena na ɗinki nake sayen sabuluna. Amma ba zai ba ka ni ba in dai kai mai danne-danne ne. Ni kuma na gaji da kallon Inna tana auna tuwo da ido. Wata rana ni da kaina zan ce to. Ba don ina so ba. Kana ji na?"

"Ina ji."

"Kullum kana ji." Ta gyara hijabi. "Wata huɗu ka kasa zaɓa tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ban san mi ya sa nake zaton za ka iya zaɓen mutum ba."

Ta tafi. Ledar sabulun tana bugun ƙafarta.

Da yamma saƙon Ƙadri ya shigo.

Ƙadri: Direban da zai sauko Agadas juma'a yake tashi. Kore ko ja?

Ni: Ina tunani.

Ƙadri: Uban tunani. Ka faɗi kafin alhamis ko in sayar in sayi takalmi.

Ni: Akwai matsala.

Ƙadri: Ta pilot?

Ni: Kusan haka.

A gida na tarar labari ya riga ni. Mahaifiyata tana bakin murhu tana kaɗa miyar kuka, ba ta ɗago ba.

"Ashe abin arziki ya samu, sai a bakin matan Maijirgi zan ji."

"Iya, ba abin da kike zato ba ne. Na wasa ne."

"To. Na wasa." Ta ɗanɗana miya. "Ka dai tuna gwaggonka ta Urafan tana da marayu. In ana rubuta suna."

"Ba a rubuta suna."

"Na ce to."

Haka kowa yake ce mani tun daga ranar. To. Da wani irin kallo na mun gane. Mai shayin tasha ya ƙara mani madara ban tambaya ba. Wani da bai taɓa amsa sallamata ba ya tsallako titi ya tambayi lafiyar kakata, wadda ta rasu ina aji uku.

Ranar alhamis kawuna Ɗan Malam ya zo da moto, baburinsa, da shadda fara a leda. Tasa ce ta zuwa ɗaurin aure, tana warin kafur, wuyanta ya sha aiki ruwan zuma, hannun ya wuce yatsuna. Ya ɗora mani hula, ya ja baya ya duba.

"Yanzu ka yi kama da mai kart."

"Kawu, don Allah ka saurare ni. Kart ɗin nan na ordinatar ne."

"Ai komi da ordinatar ake yi yanzu. Hau mu tahi."

Hanyar ba mai tsawo ba ce. Dama da hagu gonaki ne, karan hatsi tsaye iya ƙugu, kawunan fayau, ko tsuntsu ba ya sauka. A shingen hanya wani mai kaki ya ɗaga hannu ya ce, "Kart." Muka miƙa na shaida. Ya duba ya miƙo. Da muka wuce kawu ya juyo ya kashe mani ido, har moto ta kusa shiga rairayi.

Na yi zaton mutum ɗaya zan tarar. A zauren Malam Namadi an shimfiɗa tabarmi uku, dattijai sun jeru jikin bango, takalma a ƙofa kamar ranar suna. Shi yana tsakiya a kan buzu, siriri, farin gemu, riga shuɗiya da aka yi wa faci a kafaɗa da zare mai kyau. Na san ɗinkin. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa.

"Ɗana Isufu. Matso nan kusa. Kun sha rana."

Aka kawo fura a ƙwarya. Mai kauri ce. A shekara irin wannan, na san abin da kaurin nan ya ci. Na kurɓa sau ɗaya, na ajiye ƙwaryar.

Kawu da Malam suka yi gaisuwarsu ta manya, aka tambayi gida, aka tambayi iyali, aka yi jajen damina, kowa ya ce sai godiya. Kawu ya kawo maganar da ta kawo mu a nannaɗe, cewa yaronmu ya ga abin so a gidan mutunci. Malam ya ce gidan ai ɗaya ne. Daga nan ya yi gyaran murya, ya dubi ƙofa, ya sa aka saki labulen buhu.

"To ɗana. Nan duk na gida ne. Maganar abin ga."

Zuciyata ta ce yi shiru. Habsatu ma tun a shago ta ce yi shiru. Furar da ke cikina ta ce wani abu dabam.

"Baba, ina neman gafara. Akwai rashin fahimta. Kart ɗin da kuka ji, ba na hatsi ba ne. Na wasa ne. Ƙarfe ne da ake sa wa ordinatar don samari su buga ƙwallo a talabijin."

Na ji kukan akuya a bayan gida. Na ce shi ke nan, na kashe aurena da bakina, amma aƙalla zan iya haɗiye fura.

Sai wani dattijo mai ƙaton rawani ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Mai Nasara ake ce mashi, ya yi gadi a birni shekaru da yawa, don haka shi ne masanin gwamnati a garin.

"Yaron ga yana da hankali," ya ce. "Namadi, ka yi dace. Haka ake magana yanzu. Na wasa ne." Ya dubi sauran. "Kun ji ko? In wani ya tambaye ku, na wasa ne."

"Na wasa ne," suka amsa, suna gyaɗa kai.

"Wallahi Baba da gaske nake. Ƙwallo ce. Ƙwallon ƙafa."

"Ƙwallo," in ji Mai Nasara, yana ɗaga yatsa. "Mun riƙe."

Malam Namadi ya dafa gwiwata. "Kada ka rantse, ɗana, ba mu sa ka ba. Mun san zamanin da muke ciki. Ni tambayata guda ce. Shi abin da ake sa kart ɗin a ciki, wa ke da shi? Gwamnati ko Turawa?"

"Linuks? Ba na kowa ba ne, Baba. Ba shi da mai shi. Mutane ne a ƙasashe dabam-dabam suke haɗuwa su yi, su bayar kyauta."

"Su bayar kyauta," wani ya maimaita daga lungu.

"Ba shi da mai shi," in ji Mai Nasara, ya ɓata fuska. "To a yi sauri. Abin da ba shi da mai shi, ba ya kwana biyu sai ka ji an karanta sanarwa a rediyo an naɗa mashi kanar."

Aka yi dariya, aka kuma dubi labule.

Na sake gwadawa. Na ce abin yana da fanka. Suka ce ai dole, hatsi yana son iska. Na ce sai da kuran yake aiki. Suka ce shi ya sa aka ba mai pano. Na dubi kawu ya cece ni, na tarar ya lumshe ido yana murmushin wanda ɗansa ya haddace izu sittin. Masu karatu, na faɗi gaskiya tsirara a gaban shaidu, ta tashi ta sa riga da kanta. Tun da aka hana mutane faɗin abin da suke nufi, ba wanda ya yarda kana nufin abin da ka faɗa.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara a aljihun shaddar. Ƙadri. Na kashe. Ta sake yi.

"Ɗauka," in ji Malam. "Ko shi ne na wajen?"

"Shi ne."

"To sa mu ji."

Na ɗauka, na buɗe murya, don ina zaton Ƙadri zai wanke ni. Duk wanda ya ji yadda Ƙadri ke magana ya san ba a ba shi amanar buhu.

"Kai ɗan iska," in ji Ƙadri, "direba yana ɗaure kaya. Kore ko ja? Yanzu."

"Ƙadri, ina gaban manya. Faɗa masu kart ɗin na mi ne ne."

Ƙadri ya shekara uku a ƙasar mutane ba takarda. In ya ji an ce manya, kaki yake gani.

"Na wasa ne," ya ce da sauri, da wata murya mai ladabi da ban san yana da ita ba. "Ranku ya daɗe, wallahi na wasa ne kawai. Ba ruwanmu da komi."

Mai Nasara ya buɗe hannuwa ya dubi jama'a, kamar malamin da ɗalibai suka tabbatar da fatawarsa.

"To a zaɓa mashi mana, mutum yana jira," wani ya ce. "Kore nawa ne?"

"Takwas," in ji Malam Namadi. Ya haddace vokal ɗina fiye da ni. "Ja goma sha biyu."

"To mi ake jira?"

"An ce kore ya fi ƙarfi."

"Ƙarfin mi? Mun ga ƙarfin kore, shekara nawa yanzu." Wanda ya faɗi haka ya yi tari nan take, ya ce shi ganyen rama yake nufi, ba kakin soja ba.

Mai Nasara ya gyara rawani. "Ku tsaya. Shi kore, ba shi ne mai pilot na waje ba?"

"Shi ne," na ce. Ban san lokacin da na shiga shawarar ba.

"Ja fa?"

"Nasa na cikin gida ne. Ba sai an roƙi kowa ba."

"To magana ta ƙare. Na waje yau yana nan, gobe an ce ya tattara ya tahi, a bar mu da kart a hannu. Mu pilot na gida muke so. Ko don kishin ƙasa."

"Ja," in ji zaure.

"Isufu," in ji Ƙadri a waya, a hankali, "su wane ne waɗannan?"

"Ja," na ce. "Sako ja."

Ya kashe kafin in ƙara.

Abin da ya fi ba ni haushi, sun yi daidai. Ja ne ya dace da ordinatar tawa, da Linuks, da rezon da ba zai iya sauko da pilot mai nauyi ba. Na san haka tun ruwan shuka. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina, irin na wanda aka cire wa ƙaya, har na manta inda nake na ɗan lokaci. Na ga benci biyu. Na ga ƙwallo tana shiga raga a kan lokaci.

Aka kira la'asar. Dattijai suka miƙe suna neman takalma, kowa ya wuce sai ya riƙe hannuna da hannu biyu ya faɗi sunansa da na mahaifinsa a hankali, yadda zan riƙe. Kawu ya bi su masallaci yana tafiya kamar perfe mai mulkin gari.

Malam Namadi ya riƙe ni a baya. "Zo ka yi alwala ciki. Kai ɗan gida ne yanzu."

Ban taɓa wuce zauren nan ba. Tsakar gida a share take tas, turmi a kife, igiyar shanya da zannuwa biyu, keken ɗinki a ƙarƙashin rumfa an rufe shi da tsohon zane. Habsatu tana tsaye wajen randa da buta a hannu, ta sa atamfa sabuwa mai ruwan goro, ta ja mayafi har goshi. Ba ta dube ni ba.

Malam ya tsaya jikin katanga, ya nuna ƙasa da sandarsa. A kan rairayin akwai shaidar abu mai nauyi da ya kwana a wurin, an ja shi zuwa ƙofa. Ƙwayoyin hatsi ƙalilan sun zube a kan sawun, kaza tana tsincewa.

"Dodo ya aiko da buhuna ran talata," ya ce. "Wai gaisuwa. Na san gaisuwar. Jiya na sa aka maida mashi kayanshi a amalanke, da rana, kowa yana gani." Ya yi murmushi, haƙoransa saura kaɗan. "Uwarta ta yi kuka. Na ce mata ki bari, ba za mu ci hatsin da aka ɗaura ma ɗiyarmu a wuya ba, tunda Allah ya kawo na halal. Ita ɗiyar ma ita ta kama ma yaran buhu suka ɗora."

Na juya na dubi Habsatu. Yanzu ta ɗago. Ido cikin ido, ba kunya, ba roƙo. Ta san abin da ke cikin kwalin da Ƙadri ke ɗaurewa, ta san yana da fanka. Da hannunta ta ɗora buhunan.

Ta matso ta ajiye butar a gabana, ta koma wajen randa.

Na tsuguna. Na zuba ruwa a hannu, ya bi dogon hannun shaddar kawu ya jiƙa shi. Daga cikin ɗaki na ji motsin mahaifiyarta, ta matso bakin ƙofa tana saurare. Kazar ta gama da ƙwayoyin, tana tonon wurin da babu komi.

"Ba gaggawa nake maka ba, ɗana," in ji Malam Namadi, ya jingina da sandarsa. "Don dai jakin na aro ne, sai an faɗa ma mai shi da wuri. Wace rana za mu kai amalanke?"